Ɗan Da Yaƙi Ya Raba Da Uwarsa, Gidan Wa Zai Shiga?

FILIN MATA
Daga Malamarku, Kazaure

  Yau zancen silima na ɗauko muku. Na san wata uwargida tana karanta wannan za ta taɓe baki ta ce, "Yau kuma abin da Malama ta ga ya dace da mu ke nan, mu da ke fama da tsadar hatsi?" Ki yi mini haƙuri, Yaya, ki bi ni zuwa ƙarshe. In kin gama kika ga zancen bai shafi ɗakinki ba, to, ki hura wuta da takardar, ba zan ji haushi ba.

Ga abin da ya jawo maganar. A zangon karatun da ya wuce aka kawo mini wata yarinya ajina, ba za ta wuce shekara takwas ba. Ba zan faɗi sunanta ba, balle na garinsu. Gwaggonta ce ta riƙo hannunta, ta ce mini daga yamma aka kawo ta, daga wani ƙauye da 'yan bindiga suka tayar da dare. Uban ya rasu a daren, uwar kuwa har ranar ba a san inda ta faɗa ba. Na rubuta sunanta a rajista, na ba ta wuri a bencin gaba. Mako uku ban ji muryar yarinyar nan ba. Ko kiran suna ake yi, sai ta ɗaga hannu kurum.

Ran nan da hantsi muna cikin lissafi, sai tayar wata babbar mota ta fashe can bisa hanyar Kano zuwa Daura. Kafin in juyo daga allo yarinyar ta shige ƙarƙashin benci, ta toshe kunnuwa, ta jiƙe tufafinta da fitsari. Yara suka tuntsire da dariya. Ni kuwa, ga laifina ina faɗa da bakina, sai na daka mata tsawa na ce ta fito. Ba ta fito ba har aka tashi tara.

Daga nan na riƙa lura da ita. In an fita tara ba ta shiga 'yar gala-gala ko carafke. Sai ta koma gindin darbejiya ita kaɗai, ta sami guntun kara, ta naɗe shi da tsumma, ta haƙa rami ta binne, ta jera tsakuwa a kai. Gobe ta sake yin wani kusa da shi. Na ce mata ta bari, wannan mugun wasa ne, kamar mai yi wa mutane mugun fata. Ta bari a ranar, kashegari ta koma.

Da dare ina kwance sai zuciyata ta ce mini, ai kin taɓa ganin wannan wasa. Sa'ad da muke kwalejin horon malamai a Gumel, wani malaminmu mai koyar da halayyar yara ya kan haska mana finafinan ƙasashen waje a bangon aji, sa'an nan ya ce mu rubuta abin da muka fahimta. A lokacin neman maki muke yi kurum. Sai da Allah ya zaunar da yarinyar nan a gabana na gane abin da ake nuna mana.

DAGA MAJIGI ZUWA TAFIN HANNU

Kakanninmu sun san majigi. Tun a 1939 Turawan Ingila suka kafa sashen shirya finafinai domin ƙasashen da suke mulka, motar majigi ta riƙa yawo gari gari. A kan kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko ta hakimi bayan an yi isha, a nuna tsabta da noman auduga da na gyaɗa, wani mutum na fassarawa da lasifika. Gidan silima kuwa, an buɗe Rex a Kano tun 1937, amma matar aure ba ta zuwa, shi ya sa iyayenmu suka tashi suna ɗaukar silima wurin ashararu. Yanzu ga shi ta biyo mu har cikin ɗaka. Da ɗan kuɗi kaɗan ake tura wa mutum finafinai a waya a bakin kasuwa, yara su zagaye waya ɗaya kamar yadda dā ake zagaye mai tatsuniya. Tun da yake abin ya shigo gida ko mun so ko mun ƙi, gara mu san mai amfani a cikinsa. Waɗanda zan ba ku labari duka zancensu ɗaya ne, watau halin da yaro ke shiga in yaƙi ya faɗa wa garinsu.

NAMU NA GIDA: SHAIHU UMAR

Bari mu fara da namu. Yawancinku kun karanta littafin Shaihu Umar a makaranta, wanda marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta, aka fara buga shi a 1934. Amma ba kowa ya san an mai da shi fim ba. Adamu Halilu ne ya shirya shi a 1976, da harshen Hausa tsantsa. Daga baya aka daɗe ba a ganinsa, har aka tsinci faifansa a wata tsohuwar ma'ajiya, aka gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na birnin Balin, ƙasar Jamus, a 2018.

Labarin na zamanin hare-haren kama bayi ne. Umar maraya ne tun farko, sa'an nan aka sace shi yana ƙarami, ya yi ta faɗawa daga hannu zuwa hannu har Kano. Can wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ɗauke shi, ya ƙetare Sahara da shi zuwa ƙasarsu, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu. Uwar kuwa ta bazama nemansa, ita ma aka kama ta aka sayar, ta sha wuya iyakar wuya. Da Allah ya haɗa su ba ta daɗe ba ta cika. Umar ya komo ƙasar Hausa ya zama babban malami a Rauta, kusa da Bauchi, almajirai na zuwa masa daga ko'ina.

Ku lura da abu biyu. Abin da ya fi ciwo a labarin shi ne rabuwar ɗa da uwa. Abin da ya tsirar da yaron kuwa shi ne gidan da ya faɗa. Da ya faɗa hannun wanda zai mai da shi jakin gida, da babu Shaihu Umar.

Kada wata ta ce ai wannan zamanin dā ne. Garin da aka haifi Umar a labarin sunansa Kagara. A watan Fabrairu na 2021, a wani gari mai wannan suna cikin Jihar Neja, aka shiga makarantar kwana da dare aka kwashi ɗalibai 27. A watan nan dai aka kwashi 'yan mata 279 a Jangebe ta Jihar Zamfara. Kafin su, a Disamba 2020, an kwashi yara maza fiye da 300 a Ƙanƙara, cikin Jihar Katsina wadda muke iyaka da ita. An yi na Dapchi a 2018, 'yan mata 110, an yi na Chibok a 2014, 'yan mata 276. Waɗannan su ne aka ƙirga, don a makaranta aka same su. Waɗanda aka tayar daga ƙauyukansu da dare, irin 'yar ajina, su kan watsu ne cikin gidajen dangi ba wanda ya ji labarinsu.

'YAR FARANSA MAI BINNE DABBOBI

Fim ɗin da ya faɗo mini a rai daren nan na Faransa ne, René Clément ya shirya shi a 1952. Sunansa Jeux interdits, watau wasannin da aka hana. A watan Yuni na 1940, lokacin Yaƙin Hitila, mutanen Paris suka fito gudun hijira, hanya ta cika maƙil. Jiragen Jamus suka biyo su da harbi. Wata yarinya 'yar shekara biyar, Paulette, ta bi ɗan kwikwiyonta da gudu, iyayenta suka bi ta, aka harbe su duka biyu a gabanta, kwikwiyon ma ya mutu. Ba ta yi kururuwa ba. Ta taɓa kuncin uwar, ta taɓa nata, ta ɗauki gawar karen ta yi ta tafiya.

Wani yaro ɗan manoma, Michel, ya tsince ta ya kai ta gidansu. Da ta ji an ce a rami a kan sa matattu, sai ita da yaron suka binne karen. Don kada ya zauna shi kaɗai, suka shiga neman matattun 'yan tsaki da ƙwari suna binnewa kusa da shi, har suka riƙa sato alamun da Kirista ke kafawa bisa kaburbura suna kafa musu. Manya suka gane, aka yi ta faɗa da duka a kan satar. Ba wanda ya zauna ya tambayi abin da ke cin yarinyar. Ƙarshe 'yan sanda suka zo suka tafi da ita, aka kai ta wani wuri cike da 'yan gudun hijira, aka rataya mata takarda a wuya. Ta ji wata mace ta kira wani Michel, ta tashi ta kutsa cikin taro tana kiran Michel, tana kiran uwarta. Nan fim ya ƙare.

To, kun ga wasan 'yar ajina ke nan, ba ragi ba ƙari. Yaro ba shi da kalmomin da zai faɗi abin da ya gani, sai ya yi ta maimaita shi da wasa, kamar yadda babba ke maimaita labarin rasuwa ga duk wanda ya zo gaisuwa har zuciyarsa ta yi sanyi. Yarinyar nan ba ta ga jana'izar ubanta ba. Ita ce take yi masa a gindin darbejiya, ni kuwa na hana ta.

GWAGGON JAPAN

Na biyu shi ne ya fi shafarmu mu matan gida. Na Japan ne, zane ne irin wanda yara ke kira katun, Isao Takahata ya shirya shi a 1988. Sunansa Hotaru no Haka, watau kabarin maƙesu, ƙwaron nan mai walƙiya da dare. An ɗauko shi daga labarin Akiyuki Nosaka, wanda shi kansa yunwa ta kashe masa ƙanwa a ƙarshen yaƙin.

A 1945 jiragen Amurka suka yi wa birnin Kobe ruwan wuta. Wani yaro ɗan shekara 14, Seita, da ƙanwarsa Setsuko 'yar shekara 4, suka rasa uwarsu, ubansu kuwa yana can cikin sojan ruwa. Suka koma gidan wata 'yar'uwarsu, kamar a ce gwaggo. Da fari ta karɓe su da fara'a, don sun zo da ɗan abinci. Da ya ƙare ta sa aka sayar da tufafin uwarsu aka sayo shinkafa. Da wannan ma ta ja baya, sai ta shiga zuba wa 'yarta mai kauri, ta tsiyaye wa marayun ruwa-ruwan. Ga gori safe da yamma, wai ba sa aikin komai sai ci. In yarinyar ta farka da dare tana kukan uwa, sai ta ce an hana mutane barci.

Zuciya ta ɗebi yaron, ya goya ƙanwarsa suka koma wani ramin fakewa a bakin tafki. Da dare su kama maƙesu su haska ramin, da safe yarinyar ta haƙa rami ta binne waɗanda suka mutu. Kun ji wasan binnewa ya sake fitowa, a wata ƙasa dabam. Sannu a hankali yarinyar ta rame, ƙuraje suka feso mata, gudawa ta kama ta. Likita ya duba ya ce abinci kurum take bukata. Ta mutu bayan an daina yaƙin, yayan ma ya bi ta a watan Satumba, a tashar jirgin ƙasa.

Sa'ad da muka kalli wannan a kwaleji duk muka yi ta tsine wa gwaggon. Sai malaminmu ya ce mu tsaya, wace ce a cikinmu ta tabbata ba za ta yi haka ba in rumbu ya yi ƙasa? Matar nan ba ta doke su ba, ba ta kore su da bakinta ba. Ita ma tsoron yunwa take ji, tana da tata 'yar. Ludayi kawai ta karkata, ta kuma saki harshe. Ajin ya yi tsit, don ba wadda ba ta san gidan da ake yi wa ɗan riƙo ko agola irin wannan rabo ba.

WAƊANDA AKA BA BINDIGA

Akwai kuma yaran da yaƙi ke haɗiyewa su zama nasa. A 1962 Andrei Tarkovsky na Rasha ya yi fim a kan wani yaro, Ivan, ɗan shekara 12, wanda Jamusawa suka kashe wa iyaye. Ya zama ɗan leƙen asirin soja, yana ratsa fadama da dare. Hafsoshi suka so su mai da shi makaranta, ya ƙi, ba abin da ke ransa sai ramuwa. Ba a ganin dariyarsa sai cikin mafarki, in ya ga uwarsa a bakin rijiya. Bayan an ci Balin aka tarar da takardar da ta nuna an kama shi an kashe.

A nan Afirka ta Yamma akwai Beasts of No Nation na 2015, wanda aka ɗauka a Gana daga littafin Uzodinma Iweala, ɗan asalin Nijeriya. Yaro ne mai suna Agu, aka raba shi da uwarsa, aka kashe ubansa da wansa, wani madugun 'yan tawaye ya tsince shi a daji ya ba shi abinci, ya kira shi ɗansa, sa'an nan ya ba shi adda. Akwai kuma The Milkmaid na 2020, wanda galibinsa da Hausa aka yi, a Jihar Taraba aka ɗauke shi, labarin ya da ƙanwa masu tallar nono da 'yan ta'adda suka sace.

Amma wanda na fi so shi ne na makwabtanmu Cadi, Daratt, watau rani, wanda Mahamat-Saleh Haroun ya shirya a 2006. Atim ɗan shekara 16 ne. Kakansa makaho ya ba shi bindiga ya ce ya tafi Njamena ya kashe wanda ya kashe ubansa a yaƙin basasa. Ya sami mutumin ya tsufa, yana gasa burodi yana raba wa yara sadaka. Ya shiga aiki wurinsa don ya sami sararin harbinsa, sai ga shi yana koyon kwaɓa fulawa da lura da wuta. Ranar da burodinsa ya fara tashi da kyau, murna ta kama shi bai shirya ba. A ƙarshe ya kai mutumin gaban kakan, ya harba bindiga sama, tsohon ya ɗauka an rama. Yaron da aka koya wa sana'a ya kasa kisa. Agu kuwa da aka tsinta aka ba adda, kun ji abin da ya zama. Duk wanda ya fara miƙa wa irin yaran nan tuwo, shi suke bi.

ABIN DA MASANA SUKA GANO

Kada ku ce duk wannan ƙirƙirar masu fim ce. A watan Satumba na 1939, da yaƙi ya tashi, gwamnatin Ingila ta kwashe mutum wajen miliyan ɗaya da rabi daga manyan birane zuwa ƙauyuka cikin 'yan kwanaki, fiye da rabinsu 'yan makaranta ne da aka tura ba tare da iyayensu ba. Waɗansu mata biyu, Anna Freud da Dorothy Burlingham, suka buɗe gidajen renon yara a Landan, suna rubuta duk abin da suka gani, suka buga shi a 1943. Abin da suka tarar ya ba mutane mamaki. Ƙananan yaran da suka kwana cikin ruwan bama-bamai tare da uwa mai natsuwa ba su firgita ƙwarai ba. Waɗanda aka raba da iyaye farat ɗaya aka kai inda ba ko ƙarar bindiga, su ne suka koma fitsarin kwance, da tsotsar yatsa, da ƙin abinci, da yin shiru. Suka kuma lura da cewa in aka ware wa 'yan yara kaɗan mace ɗaya wadda ba a canjawa, sai su manne mata, su fara warwarewa.

Duniya ta yi dokoki tun daga nan. Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da yarjejeniyar haƙƙin yara a 1989, Nijeriya ta yi tata dokar a 2003, Jiharmu ta Jigawa ma ta sa hannu a kan dokar kare yara a ƙarshen 2021. Madalla da wannan. Amma doka ba ta tashi tsakar dare ta canja wa yaro tabarma. Wannan sai mace.

TO, UWARGIDA, IN YA SHIGO GIDANKI FA?

Mu nan Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, alhamdu lillahi abin da sauƙi. Amma muna da dangi a yamma, muna kuma bakin iyaka. Yau ko gobe maigida na iya shigowa riƙe da hannun ɗan ƙanensa ya ce ga amana. Ni yarinya ce, ban isa in koya wa iyayena reno ba. Abin da na karanta ne, da wanda kuskurena ya koya mini, zan jera muku.

Na farko, kwano ɗaya. Abin da 'ya'yanki suka ci shi zai ci, a lokaci ɗaya, a wuri ɗaya. In tuwon kaɗan ne a raba kaɗan ɗin daidai. Yaro ya kan jure yunwa, amma yana ganin inda ludayi ya karkata. In kin tarar yana ɓoye ƙanzo a ƙarƙashin tabarma, kada ki kira shi ɓarawo. Wanda ya kwana uku a daji ba ci ya kan daɗe bai yarda gobe ma za a dafa ba.

Na biyu, fitsarin kwance da firgita cikin barci ba iskanci ba ne. Kada a doke shi, kada a tara masa yara su yi masa waƙa. Ki shimfiɗa masa leda a ƙarƙashin zane, ki tashe shi sau ɗaya da dare, ki kwantar da shi kusa da ke ko kusa da wata babba wadda ya saba da ita. In da hali a bar masa 'yar fitila.

Na uku, kada ki matsa masa da tambaya, kada kuma ki sa shi ya ba baƙi labarin abin da ya gani. Maƙwabta za su shigo jaje, kowa na son ji. Ki ce musu yaro ne, a bar shi. In shi da kansa ya ɗauko zancen, ko kina tsakiyar tankaɗe, ki ajiye rariya ki saurara.

Na huɗu, kada ki yi masa ƙarya. In uwarsa ta rasu, kada a ce ta tafi kasuwa, don zai yi ta zaman jira a zaure, ran da ya ji gaskiya a bakin yara kuwa ba zai ƙara yarda da ke ba. Ki faɗa masa daidai hankalinsa, ki koya masa yi mata addu'a. In ba a san inda take ba, ki ce ana nema, kuma a nema ɗin.

Na biyar, ki bar shi ya yi wasansa, ko da wasan binnewa ne ko na 'yan bindiga, muddin ba ya cutar da kowa. In wa da ƙane ne suka zo, a yi ƙoƙari kada a raba su gida biyu, don su kaɗai suka rage wa juna.

Na shida, makaranta. Ki sa shi ta boko da ta allo tare da naki, kada ya zama shi ne mai talla da ɗiban ruwa sa'ad da sauran suka tafi. In yarinya ce, kada a ce aure ne mafita don a rage baki. Ki kuma je ki gaya wa malaminsa halin da yake ciki a asirce, don kada ya yi irin nawa.

Na bakwai, ki duba jikinsa. In yaro ya rame ƙwarai, ko ƙafafunsa sun kumbura, ko gashinsa ya yi ja ya yi laushi, tamowa ce, maza asibiti. Ma'aikatan lafiya na auna damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5 da wani ɗan tef mai launi. In ya nuna ja, watau bai kai santimita 11 da rabi ba, abin ya yi tsanani. A kan ba da wani abinci na gyaɗa da madara cikin 'yar leda. Magani ne na mai ciwon shi kaɗai, ba na rabawa ba ne, ba kuma na sayarwa ba. Haka nan in watanni sun shuɗe yaro bai daina firgita ba, ko ya ƙi magana sam, ko yana cewa gara ya mutu, a kai shi Babban Asibitin Kazaure ko wanda ya fi kusa, a faɗa wa likita gaskiyar abin da ya same shi. Ba abin kunya ba ne.

GARE KU 'YAN MAKARANTA

Ku kuma ƙannena, in an kawo baƙuwa ajinku, kada ku laƙaba mata 'yar gudun hijira. Kada ku fasa leda ko ku buga ƙofa a bayanta don ku ga ta zabura. Ki matsa mata a benci, ki ara mata fensir, in za ki sayi awara ki ce ta raka ki. Ko ba ta amsa ba, gobe ki sake.

Sa'an nan ga gargaɗi gare ku da iyayenku. Finafinan nan da na lissafa na manya ne. Na Japan ɗin, ko da yake zane ne, kada a kunna wa ƙananan yara. Na Agu kuwa akwai kisa da abubuwan da ko babba sai ya kau da kai. Uwa ta fara kallon abu kafin ta miƙa wa yaro waya. Yaron da ya tsere wa harbi kuwa, kada a kunna fim ɗin harbe-harbe a ɗakin da yake, ko da na Indiya ne mai fassara. Haka hotunan gawarwaki da ake turowa a waya, a daina buɗe su gaban yara.

Za ku so ku ji yadda muka ƙare da 'yar ajina. Ba mu ƙare ba tukuna. Na je gidan gwaggonta na ba ta haƙuri, na ba yarinyar ma, ko da yake ba ta dube ni ba. Matar nan 'ya'yanta biyar, mijinta ɗan ƙaramin manomi ne, amma na tarar da yarinyar tana ci kwano ɗaya da 'ya'yanta, a bayanta kuma take kwana. Na daina hana ta zuwa gindin darbejiya, wani lokaci ma na kan je in zauna nesa kaɗan ina duban littattafai. Ran nan ta zo ta tsaya kusa da ni, ta nuna rami ɗaya ta ce, "Wannan Baba ne." Na ce Allah ya jiƙansa. Ta ce amin. Yanzu tana amsa kiran suna da baki, ta kuma yi ƙawa ɗaya. Har yau in an buga ƙofa da ƙarfi ta kan zabura, har yau kuma ba a ji labarin uwar ba. Ina roƙonku ku sa su cikin addu'a.

Wadda ta taɓa riƙon irin wannan yaro, ko ita kanta aka riƙe ta, ta rubuto mana ta hannun Edita ta faɗi abin da ya yi amfani da wanda bai yi ba. Ba za mu buga suna ba sai da izini. Iyayenmu tsofaffi sun fi mu sanin wannan fanni, a karanta musu a ji ta bakinsu.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowane ɗa ga uwarsa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Haza wassalam.